Kwatangwalon da ya ƙi zama: bibiyar jinyar yaron da ba ya jin zafin ciwo

11 ga Nuwamba, 2024

Zan riƙa rubuta yadda jinyar wani yaro take tafiya a sashenmu na ƙashi, da yardar iyayensa, ba suna ba gari. Shekararsa biyar da 'yan watanni. An kawo shi yau yana ɗingishi, ƙafar hagu ta gajarce ta karkato ciki. Hoto ya nuna kan ƙashin cinya ya fice daga gurbinsa ya koma baya. Gocewar kwatangwalo ce cikakkiya.

Duk wanda ya taɓa ganin irin wannan gocewa ya san ba da ƙafa ake shigowa da ita asibiti ba. Ƙato ma in ta same shi a hatsarin mota, ko zanin gadonsa ka ja sai ya kurma ihu. Shi kuwa yaron nan da ƙafarsa ya shigo, ya haye gadon gwaji da kansa, ina murza cinyar yana ta ƙoƙarin zare mini biro daga aljihu.

Uwar ta ce kusan mako guda ke nan da ta lura tafiyarsa ta canza. Sun fara zuwa wajen mai ɗori, ya ja, ya shafa, ya ɗaure, har da yabo, wai bai taɓa ganin yaro mai dauriya irinsa ba. Na ce ta cire masa riga. Fata a bushe ƙayau, tabon ƙuna a tafin hannun dama, kan yatsu biyu ya guntule, bakin harshe duk ya cinye. Na tambaye ta ko yana gumi. Ta jima tana tunani, sannan ta ce, "Likita, wallahi tunda na haife shi ban taɓa share masa gumi ba." Zazzaɓi kuwa tun yana jariri, ya fi tsanani da bazara, ana ta ɗura masa maganin cizon sauro, wani lokaci har da jijjiga.

Kafin a yi maganar mayar da ƙashi sai da muka tabbatar ba mugunya ce ta taru a gaɓar ta turo shi waje ba. Yaro mai jin ciwo kukansa ne zai gaya maka haka, shi wannan sai gwaji. An ɗibi jini, an yi sikanin, ba alamar ƙwayoyin cuta. A ƙa'ida ana son mayar da kwatangwalo cikin awa 6 da gocewa, domin jijiyoyin jinin da ke ciyar da kan ƙashin suna miƙewa su shaƙe, in aka daɗe sai kan ya mutu. Mun wuce wannan lokaci da kwanaki. Gobe da safe za a shiga tiyata.

12 ga Nuwamba

Uban ya tare ni a bakin ƙofa da tambaya mai ma'ana: "Likita, tunda ba ya jin ciwo, mene ne na sa shi barci? A ja ƙafar kawai mana." Na ce masa, Malam, ciwo ne ba ya ji, amma yana jin taɓi, yana jin tsoro, kuma tsokar cinya ba za ta saki ba sai da magani. Ita mai ba da maganin barci damuwarta daban ce. Irin waɗannan yara abinci yakan daɗe a cikinsu, ana tsoron ya dawo ya shiga huhu, bugun zuciyarsu na iya yin ƙasa ba zato, zafin jiki kuma yana bin na ɗaki. Ta ƙara masa awannin zama da yunwa, ta maƙala ma'aunin zafi tun daga farko har aka gama.

Mayarwar ba ta ɗauki minti biyu ba. Mataimaki ya danne ƙugu, na lanƙwasa cinya da gwiwa na ja sama, sai ƙwas, ya koma. Wannan sauƙin ne ya dame ni. Da na sake lanƙwasa cinyar na matso da ita ciki kaɗan, sai ya sulluɓe ya fita, ba tirjiya. Muka zuba ruwan da ke fitowa a hoto cikin gaɓar. Gurbin yana da zurfinsa, kan ƙashin a mulmule yake, ba abin da ya tokare a tsakani. Jakar da ke riƙe gaɓar ta baya ce ta saki kamar robar tsohon wando. Wannan sakin ba na mako guda ba ne. Da alama ya daɗe yana miƙar da ita, da tsalle daga kan katanga, da zaman da wani yaro ba zai jure ko minti ɗaya ba.

An sa siminti daga ƙasan ƙirji zuwa idon sawun hagu, a dama kuma zuwa saman gwiwa. Mun ware cinyoyin daidai inda ƙashin ya fi zama, ba mu wuce gona da iri ba, domin warewa da yawa ita ma tana matse jijiyoyin jinin. Auduga mun ninka ta a kan duk wani ƙashi mai tsini, mun bar sarari a ciki, mun kuma yanka tagogi a wuraren da gyambo ya fi fitowa. Abu ɗaya da muka yi sa'a: hunturu ya shigo. Da a watan Afrilu ne, ban ga yadda za a naɗe rabin jikin yaron da ba ya gumi cikin siminti ba.

15 ga Nuwamba

Gwajin ƙwayar gado sai an tura jini waje, kuɗin ya fi ƙarfin iyalin, don haka muka yi na talaka. Aka shafa aidin a hannunsa da na ƙanwarsa, ya bushe, aka barbaɗa garin sitaci, aka lulluɓe hannuwan na ɗan lokaci ana sa ido kan zafin jikinsa. Na ƙanwar ya yi ɗigo-ɗigo baƙi, alamar gumi. Nasa yana nan fari fat. In aka haɗa da harshe da yatsu da tarihin zazzaɓi, cutar ita ce wadda littattafai ke kira CIPA ko HSAN IV, wato rashin jin ciwo na gado tare da rashin gumi.

A 1996 ne Yasuhiro Indo da abokan aikinsa a Jami'ar Kumamoto ta Japan suka gano cewa matsalar tana ƙwayar gado mai suna NTRK1. Ita ce ke sa ƙananan jijiyoyi su karɓi sinadarin da ke raya su tun jariri yana ciki. In ta lalace, jijiyoyin da ke ɗauko saƙon ciwo da na zafi da sanyi ba sa rayuwa, haka ma masu ba da umarnin gumi. Mafitar gumin tana nan a fata, mai tayar da ita ne babu. Akwai wani nau'in daban da masu bincike na Cambridge suka bayyana a 2006 a wasu iyalai na arewacin Pakistan, na ƙwayar SCN9A. Su ma ba sa jin ciwo, amma suna gumi, kuma wannan bambanci babba ne ga mai zama a ƙasar zafi irin tamu.

Maganar gado ce mai nauyi. Iyayen 'ya'yan wa da ƙani ne, kuma sun taɓa rasa ɗa yana shekara ɗaya, da zazzaɓin da ya ƙi sauka a tsakiyar bazara. Na bi da su ta hanyar sikila, wadda kowa ya sani: uba yana ɗauke da ɗaya, uwa tana ɗauke da ɗaya, su lafiyarsu lau, amma kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya haɗa biyun. Shi ya sa cutar ta fi bayyana inda ake auren zumunci, kamar a cikin Larabawan ƙauye na hamadar Negev, inda asibitin Soroka na Beersheba ya ga da yawa daga cikinsu. Kakar yaron, wadda ita ta haɗa auren, ta ce, "Ɗan nan, kana nufin ni na jawo?" Na ce a'a Hajiya, auren bai ƙirƙiro cutar ba, haɗuwa kawai ya sauƙaƙa mata. Ta ce ita dai tun farko iska take zargi. Ban yi musu ba. Na roƙe ta abu ɗaya: duk addu'ar da za a yi a yi, amma kada a yi turaren garwashi kusa da shi.

19 ga Nuwamba

An sallame su. Mun ba uwar ma'aunin zafin jiki da littafin rubutu irin na 'yan firamare. Safe, rana, dare ta auna ta rubuta. In ya kai 38, a jiƙa masa kai da ƙirji da hannuwa, a kunna fanka ko a yi fifita, a sake aunawa bayan rabin awa. In ya sauka, zafin gari ne. In ya ƙi, su taho, domin ko cizon sauro ne ko wani abu na ruɓewa a ƙarƙashin simintin. Kullum ta haska fitilar waya ta kowace taga da kowane baki, ta shinshina, ta matsa yatsun ƙafa ta ga jini na dawowa. A juya shi duk bayan 'yan awanni, ko da dare. Na gaya mata kada ta taɓa tambayarsa "yana yi maka ciwo?" ta dogara da amsar.

3 ga Disamba

Sun dawo kafin ranar da aka ba su. Uwar ta ce ma'auni bai nuna komai ba, amma hancinta ya ji wani wari daban da na fitsari, kuma ta ga ɗan danshi ruwan ƙasa-ƙasa a simintin ta bayan cinya. Muka yanka wurin. Murfin kwalbar lemo ne, mai haƙoran nan, ya tura shi ciki yana wasa, ya kwanta a kansa kwana da kwanaki. Ya huda fata ya yi rami kamar faɗin kwabo, sai dai bai kai ƙashi ba. An wanke, an buɗe taga a kai don a riƙa canza bandeji, an fara maganin ƙwayoyin cuta. Da ta jira zazzaɓi, da maganar ta zama ta ciwon ƙashi.

Shi kansa simintin ya tsage a makwancin cinya. Ashe ya koyi jan ciki da shi, har yana kama tagar ɗaki ya miƙe tsaye. Yawancin masu wannan cuta ba sa iya zama wuri ɗaya, wasu kuma fahimtarsu tana baya da ta tsaransu. Shi yana gane magana sarai, mantawa ce da shi, kuma jikinsa ba ya tuna masa. An ƙara ɗauri. Hoto ya nuna ƙashi na gurbinsa.

Littafin uwar ya nuna wani abu kuma: da asuba zafin jikinsa kan sauka ƙasa da 36. Sanyin ma yana kama su. Bargo da safa, ban da kaskon wuta, ban da kwalbar ruwan zafi. Man kaɗanya a duk inda fata ta fito, don faso a jikinsa ƙofar cuta ce.

24 ga Disamba

Mako shida, an cire siminti. Wani abokin aiki ya so a kai mako goma sha biyu don jakar gaɓar ta ƙara tsukewa. Ni ban goyi baya ba: ga gyambo, ga tsoka tana zubewa, ga ƙashi yana yin laushi in ya daɗe ba ya ɗaukar nauyi, kuma karaya bayan cire siminti sananniya ce a waɗannan yara. Mai yankan ya yi ta a hankali, yana tsayawa yana taɓa bakin zarton da yatsa, domin zarton siminti yana yin zafi har ya ƙona fata, kuma yawanci ihun yaro ne ke sa a ɗaga hannu.

Cinyar hagu ta rame sosai. Gyambon ya rufe. Masu haɗa kayan tallafi sun yi masa abin ɗaurawa na roba da ƙarfe mai ware cinyoyi, ya hana lanƙwasawa da yawa. Zai sa shi dare da rana, a cire don wanka da duba fata.

21 ga Janairu, 2025

Mai gashin ƙashi ta ce wannan yaro ya rushe mata sana'a. Duk koyarwarta a kan "yi har inda ka fara jin zafi, sai ka tsaya" take, Hausawa ma sun ce jiki magayi, to ga jikin da ba ya faɗa. Yanzu da agogo take aiki da lissafi: tsayuwa minti kaza, taku kaza, a zauna. Bayan an gama ta ɗora bayan hannunta a kan kwatangwalo da gwiwa da idon sawu, hagu da dama. In ɗaya ya fi ɗaya ɗumi, gobe hutu. Ta koya wa uwar haka.

Wata tsohuwar nas da ta yi aiki a asibitin kutare ce ta fi mu saurin gane inda aka dosa. Ta ce ai wannan darasin tsoho ne. Likita Paul Brand, a aikinsa a Vellore ta Indiya, shi ya nuna cewa yawancin guntulewar yatsun kutare daga raunukan da ba a ji ba ne, ana ta maimaita su a wuri ɗaya. Ta sa aka ɗinka wa yaron takalmi mai laushin ciki irin wanda ake yi musu, ta ce a zazzage shi kafin a sa, kullum, saboda tsakuwa da ƙaya.

Yana takawa da abin ɗaurawar, yana tafiya a wawware. An hana shi zaman da yake so, na durƙusawa ya baza ƙafafu baya ta gefe da gefe. An sama masa 'yar kujera mai tsayi.

18 ga Fabrairu

Ƙashin ya sake fita. An cire abin ɗaurawar za a yi wanka, uwar ta juya ɗauko soso, ya diro daga kan dakali. Ita ce ta ji ƙarar. Cikin awa biyu suna asibiti, an mayar da ɗan maganin barci kaɗan. Tana ta kuka tana cewa laifinta ne. Ba laifinta ba ne, ba mahaluƙin da zai iya tsare ɗan shekara biyar kowane daƙiƙa.

4 ga Maris

Cikin mako biyun nan abin ya zama wasa a wurinsa. Ya gano in ya lanƙwasa cinya ya murɗa, ƙashin zai fita da ƙara, in ya miƙe ya koma. Yana yi wa yaran maƙwabta suna dariya. Yau mu likitoci muka zauna a kan maganarsa, ana azumi, kowa murya ƙasa-ƙasa, amma an yi gardama.

Masu son a yi tiyata suna da hujja. A buɗe gaɓar a tsuke jakar, a yanka ƙashin ƙugu a karkato gurbin ya ƙara rufe kan, irin aikin da Robert Salter na Toronto ya bayyana a 1961, ko a yanka ƙashin cinya a gyara kusurwarsa. In aka bar shi, ƙafa za ta gajarce, ƙugu ya karkace, baya ya bi, nauyi ya koma kan gwiwa da idon sawu. Kuma yanzu ne yake da shekarun da ƙashi ke karɓar gyara.

Ni ina ɗaya ɓangaren. Aikin Salter an tsara shi ne don gurbin da bai da zurfi ta gaba, na yaron nan kuwa da zurfinsa, kuma ta baya yake fita, karkato gurbin gaba na iya ƙara buɗe bayan. Jakar da za mu tsuke, abin da ya miƙar da ita yana nan bai tafi ba. Ƙashin da aka yanka aka sa wa ƙarfe yana bukatar mai shi ya ji tsoron taka shi, wannan kuwa zai taka a daren farko in ya samu hanya. Sai kuma ƙwayoyin cuta a kan ƙarfe, a jikin da ba zai yi ƙorafi ba. Likitocin Japan sun fi kowa tara bayanai a kan cutar. Binciken su Nobuhiko Haga ya ƙiyasta masu HSAN IV a ƙasar tsakanin 130 da 210, kuma rahotanninsu sun nuna kwatangwalo ce gaɓar da ta fi gocewa, tana kuma yawan sake fita bayan an mayar. Abin da ake gudu a ƙarshe shi ne gaɓa ta ragargaje gaba ɗaya, irin wadda Jean-Martin Charcot ya bayyana a Faransa a 1868, kuma tiyatar da ta lalace tana iya gaggauta hakan. Sannan babban dalilin da ke sa a matsa a mayar da tsohuwar gocewa ga sauran mutane shi ne ciwon da za ta haifar nan gaba. Wannan dalilin babu shi a nan. Abin da muke karewa shi ne tafiya.

Babban likitanmu ya saurari kowa, sannan ya tambaya, "In mun yi aikin a wannan wata, a wane wata zai fito daga siminti?" Na ce, Yallaɓai, ƙarshen Afrilu ko Mayu. Ya ce to magana ta ƙare, ba wanda zai sa yaron nan a siminti da bazara. Za a sake duba batun in hunturu ya kewayo.

Uban bai ji daɗi ba. "Likita, a yi aikin nan a huta mana." Na ce Malam, da na san hutu ne a bayansa da ni zan fara roƙon a yi.

8 ga Afrilu

Zafi ya kai inda ya kai, da rana ana haura 40. Littafin uwar ya cika da 38 da 39 na tsakar rana waɗanda ke sauka da ruwa. Yanzu rigarsa a jiƙe take wuni, tana fesa masa ruwa da robar fesa maganin guga da ta wanke, ba ya fita daga hantsi sai bayan la'asar. Dangi sun haɗa kuɗi bayan Sallah sun sayi fanka mai sola, saboda wuta ba ta zama. A makon jiya zazzaɓi ya ƙi sauka, gwaji ya nuna cizon sauro ne na gaske, an yi magani. Mun duba gaɓoɓi duk da haka.

Abin ɗaurawar ya koma na dare kawai, da rana robar tana tara zafi tana goge fata. Kwatangwalon yanzu ya fi zama a waje. Ana jan ƙafar a hankali ya koma, yana miƙewa tsaye ya fice. Hoto bai nuna alamar mutuwar kan ƙashin ba, amma wannan kan ɗauki watanni, har fiye da shekara, kafin ta bayyana, don haka za a ci gaba da ɗauka. Bambancin tsawon ƙafafun ya kai kusan santimita 2. Yana tafiya, yana rangaji zuwa hagu, yana zuwa makarantar allo ta ƙofar gida da yamma, malamin ya san ba a dukansa kuma ba a zaunar da shi a rana.

Gwiwar dama ce ta fara ba ni tsoro. Ta ɗan kumbura, ta fi ta hagu ɗumi. Hoto bai nuna karaya ba, ruwan da aka zuƙo ba mugunya. Nauyin da hagu ta sauke ne take ɗauka. An ba ta hutun mako biyu, kuma na rubuta a sama masa keken guragu don tafiya mai nisa, abin da kakar ta ƙi ji ko kaɗan, sai an sake zama da ita.

Mai takalmi zai ƙara wa na hagu tsayi a wannan mako. Hoto na gaba a watan Yuni, na kwatangwalo da gwiwa duka. Gobe kuma likitan ido zai gan shi, don uwar ta ce idonsa na dama ya yi ja tun shekaranjiya, kuma ko sau ɗaya bai kai hannu wurin ba.